FILIN LISSAFI: Wane aiki ake fara yi, wane ake bari baya?

Kaka ta yi. Hatsi ya shiga rumbu, wake da gujiya sun shiga buhu. Yanzu ne lokacin lissafi cikin ƙungiyoyin manoma da na makiyaya: lissafin bashin taki, lissafin kuɗin amalanke, lissafin rabon riba. Yanzu ne kuma gardama take yawa. Mutum biyu su dubi takarda guda mai lambobi guda, amma kowa ya fito da tasa amsa. Sai zargi ya shiga. Wannan ya ce an cuce shi, wancan ya ce an ɓata masa suna. Sau da yawa kuwa babu ɓarawo a cikinsu. Abin da ya raba su shi ne wurin da kowa ya fara aiki.

Lissafi yana da tsari kamar aikin hatsi. Sai an yi girbi ake sussuka, sai an yi sussuka ake sheƙa, sai an sheƙe ake surfe. Wadda ta rikita wannan tsari ba ta samun tuwo. Haka lissafi yake. Idan ayyuka biyu ko uku suka haɗu cikin layi guda, akwai na farko, akwai na baya. Darasin wannan wata ke nan.

Kuɗin da aka sa cikin misalan nan na koyo ne kawai. Kowa ya sa farashin kasuwarsu.

KAI YA SANI, TAKARDA CE BA TA MAGANA

A ce mutum ya je kasuwa. Ya biya mai amalanke tamma 500. Ya sayi hatsi tiya 4, kowace tiya tamma 600. Nawa ya kashe? Ko wanda bai taɓa riƙe alƙalami ba ya san amsa. Zai ce tiya huɗu tamma 2.400 ke nan, a ƙara ta mai amalanke, ya zama 2.900.

Ga yadda ake rubuta shi:

500 + 4 x 600

Wanda ya bi lambobin ɗaya bayan ɗaya, yadda suka jeru, zai tara 500 da 4 ya sami 504, ya ninka sau 600, ya sami 302.400. Kuɗin sa ke nan, ba kuɗin tiya huɗu ba. Kuskuren shi ne an haɗa tamma da tiya cikin ƙwarya guda. Lambar 4 tana tare da 600, domin su biyun ne suke faɗin kuɗin hatsi. Dole a gama da su kafin a koma ga 500.

A baki mutum yana tsayawa inda ya kamata, yana jan murya, mai saurare ya gane abin da yake tare da wani. Takarda ba ta da murya. Shi ya sa masu lissafi suka shirya bisa ƙa'ida guda. Ita ake bi a Maraɗi, da Damagaram, da Tawa, da Yamai, ita kuma ake bi a sauran ƙasashen duniya.

ƘA'IDAR, MATAKI HUƊU

Na 1: a fara da abin da yake cikin baka. Ga alamar baka: ( ).

Na 2: a yi aikin ƙaramar lamba da take bisa kafaɗar wata, kamar wannan: 5².

Na 3: a yi ninkawa (x) da rabawa (:), daga hagu zuwa dama.

Na 4: a yi tarawa (+) da ɗebewa (−), su ma daga hagu zuwa dama.

Wanda ya saba da rubutun ajami ya lura da wannan. Ajami daga dama yake farawa, amma layin lissafin boko daga hagu ake kama shi.

BAKA IGIYAR DAMI CE

Zangarniya a warwatse kowace ita kaɗai take. Idan aka ɗaure su da igiya sun zama dami guda, tare ake ɗaukar su. Aikin baka ke nan. Abin da aka sa tsakanin baka biyu ya zama abu guda.

Ga misalin da ake gamuwa da shi kullum. A kasuwa da dala ake ƙirga kuɗi, amma cikin littafin ƙungiya da tamma ake rubutawa. Dala guda tamma 5 ce. A ce wata mata ta zuba dala 40 da safe, ta ƙara dala 60 da marece. Duka dala 100 ke nan, wato tamma 500. Ga rubutun da yake daidai:

(40 + 60) x 5 = 100 x 5 = 500

Idan magatakarda ya manta baka, ya rubuta 40 + 60 x 5, duk wanda ya zo duba littafin daga baya zai bi ƙa'ida. Zai fara da 60 x 5 ya sami 300, ya ƙara 40, ya sami 340. Tamma 160 na matar nan sun ɓace cikin takarda, alhali suna cikin akwati. Irin wannan kuskure ya fi na farko haɗari, domin 340 bai yi kama da ƙarya ba. Babu wanda zai razana da ganinsa.

Ga na makiyaya. Wa yana da shanu 12, ƙanensa yana da 8. Suna shayarwa a famfo guda, ana biyan tamma 25 bisa kowane kai. Kuɗin yini guda:

(12 + 8) x 25 = 20 x 25 = 500

Idan babu baka, 12 + 8 x 25 yana ba da 212. Shanun ƙanen kaɗai aka biya wa, na wan kuwa an lissafa su kamar tamma ɗaya ɗaya. Ranar biya rigima za ta tashi da mai kula da famfo.

LAMBAR KAFAƊA

Wani lokaci ana ganin ƙaramar lamba zaune bisa kafaɗar babba, daga dama. Tana faɗin sau nawa za a jera babbar lamba a ninka ta da kanta.

5² shi ne 5 x 5 = 25. Ba 5 x 2 ba ne.

2³ shi ne 2 x 2 x 2 = 8. Ba 2 x 3 ba ne.

10² shi ne 10 x 10 = 100.

Masu lissafi na da, da kalmomi suke faɗin wannan. Malam Alhawarizmi, wanda ya rubuta littafinsa na aljabara a Bagadaza wajen shekara ta 820, bai yi amfani da waɗannan alamomi ba, zance yake yi tiryan tiryan. Wani masani na ƙasar Faransa, Rene Dekart, shi ya yaɗa ɗora ƙaramar lamba bisa kafaɗa cikin littafinsa na 1637. An yi haka ne don a rage tsawon rubutu.

Manomi yana gamuwa da lambar kafaɗa wajen awon gona. Eka guda, wadda ake ce wa hekta cikin takardun ma'aikatan gona, fili ne mai metir 100 a tsawo da metir 100 a faɗi. Idan aka yanka shi ƙanana ƙanana, kowane yanki metir guda tsawo metir guda faɗi, za a sami:

100² = 100 x 100 = 10.000

To, gonar da take da metir 50 tsawo da metir 50 faɗi fa? Mutane da yawa suna cewa rabin eka ce, tunda 50 rabin 100 ne. A duba:

50² = 50 x 50 = 2.500

Sai an jera 2.500 sau huɗu ake samun 10.000. Ashe gonar kashi ɗaya ce cikin huɗu na eka. Rabin eka na gaskiya shi ne 100 x 50, wato 5.000. Wanda ya karɓi hayar gona mai metir 50 kowane gefe, ya biya kuɗin rabin eka, ya biya ninki biyu na abin da ya kamata. Haka ma wanda ya yi jinga da masu noma bisa wannan awo.

KAFAƊA KAFIN NINKAWA

A ce manomi yana da gonaki 3, kowace metir 50 tsawo, metir 50 faɗi. Ana rubutawa:

3 x 50²

Lambar kafaɗa tana aiki bisa wadda take ɗauke da ita kawai, wato 50. Ba ruwanta da 3. Saboda haka 50² = 2.500, sannan 3 x 2.500 = 7.500. Wanda ya fara da 3 x 50 ya sami 150, sannan ya ninka 150 da kanta, zai sami 22.500. Ya ba kansa gona uku bisa kowace gona guda. Wannan amsa ta wani rubutu ce daban, mai baka: (3 x 50)².

Ga inda abin yake taɓa aljihu. Masana na cibiyar binciken noma ta ICRISAT da take Sadore, kudu da Yamai, sun gwada dabarar zuba taki kaɗan cikin gurbin shuka, maimakon watsa shi ko'ina cikin gona. Idan an shuka hatsi da tazarar metir guda ta kowane gefe, eka tana ɗaukar gurbi 10.000. Ana sa garam 6 na takin NPK 15-15-15 a kowane gurbi, ko garam 2 na takin DAP. Kilo guda garam 1.000 ne. Ga takin NPK na eka guda:

100² x 6 : 1.000

Da farko kafaɗa: 10.000. Sannan daga hagu zuwa dama: 10.000 x 6 = 60.000, a raba da 1.000, ya ba da kilo 60. Buhu guda mai kilo 50 ke nan da ƙarin kilo 10. Idan DAP ne, kilo 20 ya isa.

Mai gonaki ukun nan yana da gurbi 7.500, takinsa kilo 45 ne, bai ma cika buhu ba. Da ya bi lissafin kuskure na 22.500, da ya ci bashin kilo 135, ya zo kaka yana biyan abin da gonarsa ba ta buƙata.

BAKA DA KAFAƊA TARE

A ce mai garka yana da fili metir 30 tsawo, metir 30 faɗi. Ya ƙara metir 20 a tsawo, ya ƙara metir 20 a faɗi. Girman garkar yanzu:

(30 + 20)² = 50² = 2.500

Baka aka fara yi, sannan kafaɗa. Wani zai ce a yi 30² daban, a yi 20² daban, a tara: 900 + 400 = 1.300. Wannan lissafin garka biyu ne da ba su haɗe ba. Mai shakka ya zana shi a ƙasa da sanda, zai ga akwai wasu yankuna biyu, kowane metir 30 da metir 20, da aka tsallake. Su ne 1.200 da suka ɓace. Garkar da take 900 ta koma 2.500, ta kusa ninka uku. Irin albasa, da taki, da ruwan ban ruwa, duka haka za su ƙaru. Gara a san wannan tun ba a kafa shinge ba.

IDAN 3 CE BISA KAFAƊA

Ana gamuwa da ita wajen awon abin da yake da tsawo, da faɗi, da zurfi. Kwandon siminti mai metir guda ta kowane gefe yana cin ruwa litir 1.000, wato tano 5 masu litir 200. Idan makiyaya suka gina mai metir 2 tsawo, metir 2 faɗi, metir 2 zurfi:

2³ x 1.000 = 8 x 1.000 = 8.000

Litir 8.000, tano 40. An ninka gefe sau biyu, ruwa ya ninku sau takwas. Idan a ce kowace saniya tana shan litir 25, cikawa guda za ta shayar da 8.000 : 25, wato shanu 320.

Lambar kafaɗa tana kuma tona asirin mugun bashi. Akwai mai ba da buhu guda lokacin da rumbu ya ƙare, bisa sharaɗin a biya biyu da kaka, idan ba a biya ba kuma bashin ya sake ninkuwa kowace shekara. Shekara ta farko buhu 2, ta biyu buhu 4, ta uku buhu 8. Wannan shi ne 2³. Wanda ya ɗauka 2 x 3 ne yana jiran a ce masa 6, sai ya ji 8. Shekara ta huɗu kuwa 2⁴, buhu 16. Ta haka gona take fita daga hannun mai ita.

DAGA HAGU ZUWA DAMA

Tarawa da ɗebewa sa'o'in juna ne, babu babba a cikinsu. Wanda ya fara zuwa daga hagu shi ake fara yi. A ce akwai dami 100 cikin rumbu. An fitar da 30. Daga baya an kawo 20 daga gonar nesa.

100 − 30 + 20 = 70 + 20 = 90

Wanda ya fara tara 30 da 20 zai ce saura 50. Ya mayar da damin da aka kawo kamar fitar da su aka yi. Idan da gaske duka biyun fita suka yi, sai a ɗaure su da baka: 100 − (30 + 20) = 50.

Ninkawa da rabawa su ma sa'o'in juna ne. An raba tiya 60 kashi 5, gida guda yana da kashi 2:

60 : 5 x 2 = 12 x 2 = 24

Wanda ya fara da 5 x 2 zai raba 60 da 10, ya ba gidan tiya 6 maimakon 24.

NA'URA MA TANA RABA KAN MUTANE

Yau kusan kowace ƙungiya tana da mai wayar salula, ƴan kasuwa kuma suna da ƙaramar na'urar lissafi. Su biyun ba kullum suke ba da amsa guda ba. Ƙaramar na'ura ta kanti tana aikata kowace lamba da zarar an danna alama ta gaba. Galibin manyan wayoyi kuwa suna jira a gama layi, sannan su bi ƙa'ida.

A ce ma'ajin ƙungiya dattijo ne mai ƙaramar na'ura, magatakarda kuma saurayi ne mai waya. Su biyu suka danna 40 + 60 x 5. Dattijo ya ce: «Ɗana, 500 na gani.» Saurayi ya ce: «Baba, ka yi haƙuri, tawa 340 ta nuna.» Babu wadda ta lalace. Maganin gardamar shi ne su koma ga zancen: kuɗin wa, dala nawa, me ake nema? Idan dala 40 da dala 60 ake so a mayar tamma, saurayi ya sa baka cikin wayarsa, zai ga 500.

Kowa yana iya gwada tasa na'ura. A danna 2 + 3 x 4. Idan ta nuna 14, tana bin ƙa'ida. Idan ta nuna 20, ba ta bi. Mai irin wannan sai ya riƙa yin ninkawa da rabawa daban, ya rubuta amsarsu a takarda, sannan ya tara.

LISSAFIN ƘUNGIYA, LAYI LAYI

Mutum 8 sun haɗa kai su sayi taki. Kowa yana da gona mai metir 50 tsawo da metir 50 faɗi. A ce kilo guda tamma 400 ne, kuɗin kawowa daga gari tamma 8.000. Nawa kowa zai zuba?

Gurbin gona guda: 50² = 2.500

Gurbin gonaki takwas: 8 x 2.500 = 20.000

Taki: 20.000 x 6 : 1.000 = kilo 120

Rabon kowa: (120 x 400 + 8.000) : 8

Cikin baka ma ƙa'ida tana aiki. A fara da 120 x 400 = 48.000. A ƙara 8.000, ya zama 56.000. Baka ta ƙare. A raba da 8, kowa zai zuba tamma 7.000, wato jika bakwai. Idan an bar baka, kuɗin kawowa kaɗai za a raba, amsa ta fito 49.000.

Magatakardan kirki yana faɗin lissafi da baki kafin ya rubuta shi. Yana rubuta aiki guda bisa layi guda, da sunan abin da ake ƙirgawa: tiya ce, ko kilo, ko tamma. Idan yana shakka, yana sa baka, domin baka ba ta cin kuɗi. Idan amsa ta fito, yana tambayar kansa ko ta yi kama da gaskiya. Sannan yana ba wani ya sake yi. Ɗan ƙungiya kuma kada ya sa hannu ko ya dangwala yatsa bisa takardar da ba a bi masa ita layi layi ba. Ba rashin yarda ba ne. Matambayi ba ya ɓata.

AIKIN WANNAN WATA

A rufe amsoshin da hannu. A yi aikin cikin ajin yaƙi da jahilci ko a gida, sannan a duba.

1) 7 + 2 x 10

2) (7 + 2) x 10

3) 4² + 6

4) (4 + 6)²

5) 2 x 10²

6) 50 − 20 + 10

7) 36 : 6 x 3

8) Wata mata ta sayar da man gujiya na dala 120 ranar kasuwa, ta sayar da na dala 80 washegari. A rubuta lissafin da baka, a faɗi kuɗinta da tamma.

Amsoshi: 1) 27. 2) 90. 3) 22. 4) 100. 5) 200. 6) 40. 7) 18. 8) (120 + 80) x 5 = 1.000, wato jika guda.

Wanda ya ci shida ko fiye ya kama hanya, sai ya koya wa maƙwabcinsa. Wanda ya kasa ya koma ga matakai huɗun nan, ya sake gwadawa da tsakuwa ko ƙwayar wake. Sannu ba ta hana zuwa. Wata mai zuwa, in Allah ya yarda, filin zai yi bayanin awon gonar da gefunanta ba su yi daidai da juna ba.